Abin da ya kamata ku sani kan ɗaukar bidiyon wasan gem da ɗora shi a intanet

Da yawa daga masu buga PlayStation 4 ko PlayStation 5 ba su san cewa na'urar tana ɗaukar wasansu tun kafin su nemi ta ɗauka ba. Daga shigarka wasa take naɗar abin da ke fita a talabijin, tana riƙe da 'yan mintunan baya, sabo na shigowa tsoho na gogewa. Idan ka zura ƙwallo daga tsakiyar fili a minti na 90, ba sai ka yi da-na-sanin rashin kunna kyamara ba, domin ƙwallon tana nan a ciki, maɓalli biyu ne tsakaninka da ajiye ta. Duk da haka har gobe za ka shiga gidan gem ka tarar da saurayi ya miƙe da waya yana ɗaukar fuskar talabijin, hannu na rawa, hasken ƙwan lantarki ya faɗa kan gilashin, ƙarar janareto ta danne komai. Bidiyon da zai samu zai fito da zane-zane da walƙiya, alhali na'urar da ke gabansa za ta ba shi hoto tas ba tare da ya kashe ko sisi ba.

Da can abin bai zo da wannan sauƙin ba. Masu neman a yarda sun kafa tarihi a wani wasa sai sun haɗa na'urar wasan da bidiyon kaset, su naɗa, su aika da kaset ɗin. A shekarar 2004, a gasar Evo da aka yi a jihar Kalifoniya ta Amurka, Daigo Umehara ɗan Japan ya kara da Justin Wong ɗan Amurka a wasan faɗa na Street Fighter III: 3rd Strike. Ƙarfin ɗan wasan Daigo ya ƙare saura ƙiris, taɓawa ɗaya za ta kayar da shi, sai ya tare duka 15 a jere, ya juya ya ci wasan. Hoton da aka ɗauka dishi-dishi yake, tsawonsa kusan minti guda, amma ihun da ɗakin ya ɗauka ya sa har yau ana kallonsa. A lokacin ko YouTube babu, sai a 2005 ya zo. Twitch, dandalin da aka gina musamman don kallon masu wasa kai tsaye, ya biyo baya a 2011, kuma a 2014 Amazon ya saye shi kan kusan dala miliyan 970. Kamfanonin da ke ƙera na'urorin sun gane cewa duk wanda ya nuna wasansa talla yake yi musu kyauta. Shi ya sa da Sony ya fitar da PlayStation 4 a watan Nuwamban 2013 ya sa maɓalli na musamman a jikin hannun gem ɗin, aka rubuta masa SHARE.

A PlayStation 4, idan wani abin burgewa ya faru, ka danna SHARE sau ɗaya, sannan ka danna maɓallin mai alamar murabba'i. Na'urar za ta ajiye maka mintuna 15 da suka wuce, kuma a saiti kana iya rage wannan zuwa sakan 30 ko ka ƙara shi har minti 60. A nan akwai ramin da mutane da yawa suke faɗawa. Danna SHARE sau biyu da sauri yana nufin a fara sabuwar ɗauka daga yanzu, kuma abin da ke riƙe na baya sai ya tafi. Mutum ya ci ƙwallon da bai taɓa cin irinta ba, zumuɗi ya sa ya danna sau biyu, ya koma dubawa ya tarar da bidiyon 'yan wasa suna komawa tsakiyar fili. Dannawa biyu ta kafin a fara wasa ce, dannawa ɗaya da murabba'i ta bayan abu ya faru ce. PlayStation 4 ta asali tana ɗauka a kaifin 720p, mai suna Pro kuma tana kaiwa 1080p.

PlayStation 5, wadda ta fito a Nuwamban 2020, ta canja wa maɓallin suna zuwa Create, yana gefen hagu daga sama. Da ka danna za ta tambaye ka: hoto kake so, ko sabuwar ɗauka, ko ajiye abin da ya wuce, daga sakan 15 har awa guda. Abubuwa uku ne ya kamata ka duba a saitinta tun ranar farko. Akwai nau'in fayil, wato WebM ko MP4. Na farkon ya fi matse bidiyo, kuma da shi kaɗai ake ɗaukar 4K, sai dai ba kowace manhajar tace bidiyo ta waya ce ke buɗe shi ba, don haka wanda zai yi aikinsa a waya gara ya zaɓi MP4 ya huta. Akwai kuma muryarka, wadda na'urar ba ta sa ta cikin bidiyo sai ka kunna wurin da ke ba da izinin haɗa sautin makirfo. Mutum zai iya yin awa guda yana zuba sharhi, ya gama ya tarar babu ko tari. Sannan na'urar tana ajiye ɗan gajeren bidiyo da kanta duk lokacin da ka samu kambun bajinta a wasa, kuma waɗannan suna taruwa su cinye wuri. A samfurin farko, cikin gigabait 825 da aka rubuta, kusan 667 ne kawai ake iya amfani da su, ga wasanni na zamani da ɗaya zai iya haura 100. Wanda ba ya buƙatar waɗannan gajerun bidiyon ya kashe.

Xbox ta Microsoft ba ta da nisa da wannan. A hannun Series X da Series S akwai maɓallin rabawa a tsakiya: taɓawa ta ɗauki hoto, riƙewa ta ajiye bidiyon abin da ya wuce. Ɗauka a cikin na'urar ba ta wuce minti 10, amma idan aka jona ma'ajiya ta waje mai USB 3.0 ana kaiwa awa guda. Nintendo Switch ta 2017 ita ce mafi ƙarancin hannu, sakan 30 na baya kawai take bayarwa a 720p, wasu wasannin ma sun toshe hakan.

To, an ɗauka. Yaya bidiyon zai fito daga na'ura ya shiga waya? A da ana iya tura shi kai tsaye zuwa Facebook ko Twitter. Sony ya cire Facebook a 2019, kuma tsakanin 2023 da 2024 Microsoft da Sony da Nintendo duk sun cire Twitter, wanda yanzu ake kira X. Abin da ya rage a PlayStation shi ne ɗorawa YouTube kai tsaye, ko bi ta manhajar PlayStation ta waya, wadda ke karɓar bidiyon da bai kai minti 3 ba daga PlayStation 5 ta riƙe shi kwana 14. Duk waɗannan suna buƙatar na'urar ta kasance a jone da intanet, da asusu mai aiki. A yawancin gidajen gem namu kuwa na'urorin ba sa hawa intanet sam. Hanyar da ba ta ba da kunya ita ce filash. Ka soka shi, ka shiga ma'ajiyar hotuna da bidiyo, ka zaɓi wanda kake so, ka kwafa. Sai dai PlayStation ba ta karanta filash mai tsarin NTFS, sai FAT32 ko exFAT, kuma FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4. Ka sa a mayar maka da shi exFAT tun farko, bayan ka kwashe abin da ke ciki, domin yin hakan yana goge komai. Da ɗan ƙaramin abin jona filash da waya, wanda ake kira OTG, bidiyon ya iso hannunka ba ka taɓa data ba.

Idan abokinka ne zai tace maka, kada ka tura masa ta WhatsApp a matsayin bidiyo, domin manhajar za ta matse shi har lambobin rigar 'yan wasa su daina karantuwa. Tura shi a matsayin takarda, wato ta inda ake tura fayil, zai isa yadda yake, har zuwa gigabait 2. Kuma a ƙasar da ake ɗauke wuta babu sallama, ka sani abin da na'ura ke riƙe da shi na wucin gadi ne. Wuta ta tafi kafin ka ajiye, shi ke nan. Ka ajiye nan take, ko da wasan bai ƙare ba.

Maganar kaifin hoto ita ce inda ake yawan ruɗa masu farawa. Lissafin ba wuya. Bidiyon da ke cin megabit 1 a sakan yana kaiwa kusan megabait 450 a awa. YouTube yana ba da shawarar megabit 8 ga bidiyon 1080p mai hotuna 30 a sakan, da megabit 12 ga mai hotuna 60. Ke nan bidiyon minti 10 a mataki na biyun ya kai megabait 900, kusan gigabait guda na datarka, kafin ma ka san ko mutum 20 za su kalla. Ɗaukar 4K tana ninka wannan sau da yawa, kuma masu kallonka galibi a waya suke, da yawansu sun rage kaifin da kansu don tattalin data. A ganina 1080p ya ishi kowa, 720p ma ba abin kunya ba ne. Abin da ido ya fi lura da shi a wasan ƙwallo da na faɗa da na tsere shi ne santsin motsi, wato yawan hotuna a sakan. Idan zaɓi ya kama tsakanin ƙarin kaifi da hotuna 60, a irin waɗannan wasanni ka ɗauki na biyun. Masu talabijin mai HDR kuma su lura: bidiyon da aka ɗauka da shi a kunne yakan fito fari-fari, kala a wanke, idan aka buɗe shi a waya ko manhajar da ba ta san shi ba.

Sai kafca kad, 'yar na'urar da ake sawa tsakanin gem da talabijin. Wayar HDMI tana fitowa daga gem ta shiga cikinta, wata ta fita zuwa talabijin, sannan wayar USB ta kai kwafin hoton cikin kwamfuta. A kwamfutar manhaja irin OBS Studio, wadda kyauta ce, ita ke naɗa ko watsawa, kuma a cikinta ake ɗora fuskar mai wasa a kusurwa, a raba sautin wasa da na murya, a ɗauka ba iyakar lokaci sai dai wuri ya cika. Elgato na Jamus, wanda ya fitar da Game Capture HD a 2012, da AVerMedia na Taiwan su ne sunayen da aka fi sani. Akwai kuma ƙanana masu arha da suka cika kasuwa, masu kama da filash, an rubuta 4K a jikin kwalinsu. Wannan 4K ɗin hoton da suke iya karɓa ne. Abin da suke miƙa wa kwamfuta galibi bai wuce 1080p mai hotuna 30 ba, kuma da yawansu ba su da mafita ta biyu zuwa talabijin. Rashin wannan mafita yana da illa, domin dole ka riƙa kallon wasan a kwamfuta, inda hoton ke zuwa da ɗan jinkiri. A wasan da ake tafiya a hankali ba komai. A bugun fenariti ko musayar naushi, jinkirin ƙiftawar ido ya isa ya sa ka sha kashi.

Wanda ya haɗa kafca kad ya ga allo baƙi ƙirin, kada ya yi saurin cewa an sayar masa da jabu. Yawanci HDCP ne, wani kulle da aka sa a hanyar HDMI don hana kwafar finafinai. Tun 2014 Sony ya ba da damar kashe shi a PlayStation 4, kuma a PlayStation 5 yana cikin saitin HDMI. Ka kashe shi tun kana jone da talabijin kai tsaye, sannan ka sa kad ɗin a tsakani. Muddin yana kashe, manhajojin kallo irin Netflix ba za su buɗe ba sai ka mayar. PlayStation 3 ba ta da wannan zaɓi, shi ya sa masu ɗaukar ta suke bi ta wayar nan mai kawuna biyar masu kala. Switch Lite kuwa ba ta fitar da hoto waje gaba ɗaya, kafca kad ba zai yi mata komai ba.

Shin kana buƙatarsa? Idan gajerun bidiyo kake yi na ƙwallaye da dabaru, ba ka buƙata. Kuɗinsa da na kwamfutar da za ta iya ɗaukar nauyin aikin sun fi ƙarfin amfanin da za ka samu a farko. Ranar da ka ga iyakar awa guda ta takura ka, ko kana son fuskarka da tambarinka a allo, ko kana shirya gasa da za a watsa, ranar ce lokacinsa.

Inda nake so a kashe ƙoƙari shi ne murya. Hoton wasan FC ko eFootball ko Mortal Kombat iri ɗaya ne a hannun kowa, daga Kano har Tokiyo. Mutum miliyan sun riga ka ɗora wannan filin da waɗannan 'yan wasan. Abin da babu wanda ya riga ka shi ne bakinka, da yadda kake karanta wasa, da abin da ka zaɓa ka nuna. Mai kallo zai jure hoto mai ɗan duhu, amma sautin da ke kuwwa ko shashshaka zai kore shi cikin sakan biyar. Makirfon da ke jikin hannun PlayStation 5 yana aiki, sai dai yana ɗaukar ƙarar kowane maɓalli da ka danna. Abin kunne na waya mai makirfo, wanda ake sokawa a ƙasan hannun, ya fi shi nesa ba kusa ba. Ka rage ƙarar talabijin don kada sautin wasan ya shiga sau biyu, ka nisanci fanka, ka zauna a ɗaki mai labule da katifa, domin bango tsirara yana dawo da murya. Wata dabarar kuma, ka ɗauki wasan shiru, daga baya ka zauna da waya lokacin da gari ya yi tsit ka ɗora sharhi a kai. Wannan ya fi dacewa da bidiyon koyarwa, tunda ka riga ka san abin da zai faru, za ka iya cewa mai kallo ya dubi ɗan bayan nan na hagu tun kafin ya bar wurinsa.

Tacewa ba ta buƙatar dogon bayani. Share Factory na Sony kyauta ne a cikin na'urar, CapCut na nan a waya, DaVinci Resolve na da na kyauta a kwamfuta. Ka yanke jiran lodi da zaɓen 'yan wasa, ka fara daga inda abu ke faruwa. TikTok da Shorts na YouTube, wanda tun Oktoban 2024 yake karɓar har minti 3, a tsaye suke son bidiyo, wasan kuwa a kwance yake. Idan ka yanke gefe da gefe, allon ci da agogo za su tafi, ƙwallon minti na 90 ta zama ƙwallo kawai. Ka rubuta cin da lokacin da hannunka a sama. Sabon asusun YouTube kuma ba ya karɓar bidiyon da ya wuce minti 15 sai ka tabbatar da lambar wayarka.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace muhimmanci, kuma aka fi yin watsi da ita. Sayen wasa bai sa hotonsa da sautinsa sun zama naka ba. Kamar mai hayar rumfa a kasuwa kake: kayan da ka kasa naka ne, rumfar ta mai ita ce, kuma da sharaɗinsa kake zaune. Yawancin kamfanoni sun yarda a nuna wasanninsu, har a ci kuɗin talla da su, domin suna amfana. Amma izini ne da suka bayar, suna iya taƙaita shi. A 2013 Nintendo ya fara karɓe kuɗin tallan bidiyon da aka yi da wasanninsa a YouTube. A 2015 ya fito da tsarin rabon kuɗin da masu bidiyon, sai a ƙarshen 2018 ya rufe tsarin ya sassauta, da sharaɗin mutum ya sa nasa sharhin ko ƙirƙirar a ciki. A 2017 kamfanin Atlus ya gargaɗi masu watsa Persona 5 da kada su wuce wani mataki na labarin. Za ka ma iya cin karo da wannan a na'urarka: a wasu wurare na labari saƙo yakan fito a kusurwa cewa an dakatar da ɗauka, ka shiga wurin da aka toshe. Mafi tsanani shi ne abin da ya faru a Japan a 2023, inda wata kotu a birnin Sendai ta yanke wa wani mutum ɗaurin shekara 2 da aka jingine, da tarar yen miliyan 1, kan bidiyoyin da ya ɗora ba izini, ciki har da na wani wasan labari na jerin Steins;Gate da ya nuna har ƙarshensa. Wasan da labari ne jarinsa, wanda ya kalli ƙarshen ba lallai ya saya ba, shi ya sa masu irinsa suka fi tsaurarawa. Wasan ƙwallo ko na harbi kuwa kowane zama daban yake, ba a cika samun matsala da su ba.

Abin da ya fi kama mutane ba hoton ba ne, kiɗa ne. Waƙoƙin da ke tashi a shafin farko na FC, wanda har 2023 ake kira FIFA, da na rediyon mota a GTA, kamfanin wasan ya biya ne don a ji su a cikin wasa. Bai biya don ka watsa su a tasharka ba. YouTube yana da tsarin Content ID tun 2007, wanda ke sauraren duk abin da aka ɗora yana gwada shi da abin da masu haƙƙi suka yi wa rajista. Idan ya kama waƙa, mai ita zai iya karɓe kuɗin tallan bidiyon, ko ya toshe shi a wasu ƙasashe. Wannan da'awa ce, ba ta taɓa lafiyar tasharka. Wanda ya fi ta haɗari shi ne gargaɗin keta haƙƙin mallaka, wanda ke zuwa idan mai abu ya nemi a sauke bidiyon a hukumance. Yana ɗaukar kwana 90 kafin ya goge, kuma uku a tare suna iya rufe tasha da duk abin da ke cikinta. A 2020 masu watsawa a Twitch sun ga dubban bidiyoyinsu na shekaru sun ɓace bayan kamfanonin waƙa sun yi ruwan ƙorafi. Maganin mai sauƙi ne: ka shiga saitin sauti na wasan ka kashe kiɗa kafin ka fara ɗauka, ka bar ihun 'yan kallo da ƙarar wasa. Kada kuma ka ɗauka waƙar Hausa ta tsira daga wannan. Mawaƙanmu da dama sun yi wa ayyukansu rajista, kuma haƙƙinsu ne, guminsu ne. YouTube yana da rumbun kiɗa na kyauta ga masu tasha. Waƙar da ka ɗauko daga cikin TikTok kuma izininta na TikTok ne, idan ka kai bidiyon wani dandali lissafi ya canja.

Bayan haƙƙin kamfani akwai haƙƙin mutane. Bidiyon wasa yana kwashe abubuwan da ba ka lura da su ba: sunan asusunka, sunayen abokanka, saƙon da ya faɗo a kusurwa, wani lokaci har adireshin imel idan ka shiga saiti ana ɗauka. Ka kashe fitowar saƙonni kafin ka fara, ka kuma kalli bidiyon daga farko har ƙarshe kafin ka sake shi. A hirar rukuni ta PlayStation, muryar abokinka ba ta shiga sai shi ma ya ba da izini a nasa saitin, kuma wannan tsari ne mai kyau da ya kamata mu bi ko a inda na'ura ba ta tilasta ba. Idan ka lallasa abokinka ci 7 da nema a gidan gem, ka tambaye shi kafin ka sa fuskarsa da sunansa a duniya. Abin da ake dariya a kai tsakanin mutum biyar yana iya zama tozarci a gaban dubu biyar, kuma bidiyon da aka sauke aka yaɗa ba ya dawowa. Masu sa kyamara a ɗaki su dubi abin da ke bayansu, da wanda ke giftawa, musamman mata da ƙananan yara na gida da ba su san ana ɗauka ba. Iyaye kuma su sani cewa YouTube da Twitch da TikTok duk sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe asusu, kuma TikTok ba ya barin wanda bai kai 18 ba ya yi shiri kai tsaye.

Watsawa kai tsaye tana da daɗi, amma ita ce mafi tsada kuma mafi rashin yafiya. PlayStation tana watsawa zuwa YouTube da Twitch da kanta, Xbox kuma zuwa Twitch. Abin dubawa shi ne saurin aikawa na layinka, wanda sau da yawa ya gaza na saukewa sosai. A megabit 6, awa guda tana cin kusan gigabait 2.7. Ba damar yanke kuskure, ba damar janye kalmar da ta kuɓuce. Twitch kuma ba ya riƙe shirin ƙaramin mai watsawa fiye da kwana 7, don haka wanda ke son nasa ya sauke shi da wuri.

Kuɗi fa? Ana samu, amma ba da wuri ba. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallo miliyan 10 na Shorts cikin kwana 90. Kuma abin da talla ke biya ya danganta da ƙasar da masu kallo suke, na ƙasashenmu bai kai na Amurka ko Ingila ba. Sunaye irin PewDiePie, wanda ya kai mabiya miliyan 100 a 2019, su ake ji, ba a jin ɗimbin waɗanda suka sayi kaya suka gaji suka bari. Ba na ba kowa shawarar cin bashi ko taɓa kuɗin makaranta saboda wannan.

Abin da nake ƙarfafa wa masu sha'awa gwiwa a kai shi ne su yi da Hausa, kuma su koyar da wani abu. Yaron da ke neman yadda ake tsare gida a eFootball, ko yadda ake wuce wani mataki da ya gagare shi a God of War, yawanci da Turanci ko wani harshe yake samun bayani, yana bin hoto yana hasashen sauran. Wanda ya iya wasan kuma ya iya bayani yana da masu jiransa daga Zariya har Damagaram da zangon Kumasi. Ku rubuta sunan wasan daidai yadda kamfanin ya rubuta shi don masu nema su same ku, sauran taken da bayanin ku yi su da Hausa, kuma kowane bidiyo ya amsa tambaya guda ɗaya da kuka san ana yi a gidan gem.